Kunne muka kai asibiti, likita ya ce ƙwaƙwalwar Baba za a auna

Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuto maka daga Garwa. Mahaifinmu ya haura shekara 70, ya kuma yi fiye da shekara 30 yana sana'ar injin niƙa. Tun da daɗewa kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake ji. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai ɗai-ɗai. Muka haɗa kuɗi muka sayo masa na'urar ji a wani kanti, amma da an sa masa sai ya cire ya tura ƙarƙashin matashi. Na kai shi wurin likitan kunne, aka ce ya danna maɓalli idan ya ji ƙara. Wani lokaci ya danna alhali babu ƙara, wani lokaci ana ƙara ya yi shiru. Likita ya ce ba za a dogara da wannan sakamako ba, ya rubuta mana takardar wani awo mai suna PEA, ya ce mu nemi inda ake yi a Yawunde ko Duwala, wai ana duba yadda ƙwaƙwalwa ke amsa sauti. Yayanmu ya ce atafau ba za a jona wa Baba lantarki a ka ba, kuma a ganinsa likita na nufin Baba ya taɓu. Abokiyar zaman mahaifiyarmu kuwa cewa take yi yana ji sarai, abin da ya ga dama ne yake amsawa. Ni ce a tsakiya. Mu yi wannan tafiya ko mu haƙura? Kuma awon zai nuna mana ko na'urar tana yi masa amfani?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya.

Zan fara da tsoron Yaya, don muddin yana nan ko tasha ba za ku kai ba. A wannan awo babu wata wuta da ake tura wa mutum a ka. Abin da ke shiga jiki sauti ne kawai, ta kunne. Wayoyin da ake mannawa a goshi da bayan kunnuwa ɗauka suke yi, ba bayarwa ba, irin dai na awon zuciya da ake liƙa wa mutum a ƙirji. Jijiyoyin jikin ɗan Adam da wata 'yar wuta tasu suke aika saƙo, kuma ita ce na'urar ke karantawa daga saman fata. Babu allura, babu yanka. Abin da zai ɗan dami Baba bai wuce gogar fatar da ake yi kafin a manna wayoyin ba. Ana yi wa jarirai 'yan kwanaki wannan awo suna barci a hannun iyayensu mata. Kuma babu ruwansa da lafiyar hankali: likita ya rubuta shi ne don awon da aka saba yi yana bukatar mutum ya fahimci umarni ya kuma amsa da hannu, Baba kuwa ciwon da ya kayar da shi ya taɓa masa hannu da harshe. Sai aka nemi hanyar da jiki zai ba da amsa da kansa. Ki faɗa wa Yaya haka cikin ladabi, ke da shi kaɗai, ba a gaban matan gida ba. Kishin mutuncin mahaifinsa ne ya sa shi magana, kuma wannan ba abin zargi ba ne.

Abin ma ba na jiya ba ne. Tun a 1939 wata mai bincike a Amurka, Pauline Davis, ta nuna cewa idan aka kaɗa wa mutum sauti, rubutun wutar ƙwaƙwalwarsa yana canzawa. A 1971 wasu biyu, Jewett da Williston, suka bayyana 'yan tuddan da ke fitowa a layin awo nan take bayan sauti, waɗanda har yau da su likitoci ke aiki.

Ga yadda ake yi. Za a kwantar da Baba a ɗaki marar hayaniya, a sa masa 'yar soso mai bututu a kunne, a riƙa sakar masa ƙara gajeriya, ƙyas-ƙyas-ƙyas, da sauri. Amsar jijiya ƙanƙanuwa ce ainun, ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na bolt, wato ma'aunin ƙarfin lantarki, ba, don haka sai an maimaita ƙarar sau 1000 ko 2000 kwamfuta tana tarawa, har amsar ta fito fili daga cikin sauran motsin jiki. A allo za a ga tuddai biyar, dukkansu cikin kashi 10 daga 1000 na sakan ɗaya. Na farko daga jijiyar ji yake fitowa kusa da kunnen ciki, na biyar daga can tushen ƙwaƙwalwa. Mai awo zai yi ta rage ƙarfin ƙarar har tudu na biyar ya ɓace, kuma inda ya ɓace shi ke nuna kusan iyakar jin wannan kunne. Kowane kunne daban ake yi masa. Idan Baba ya yi barci ma ya fi, domin ɗaure wuya da cije haƙori ne ke ɓata awon. Babban mutum mai natsuwa ba ya bukatar maganin barci.

To amma ki duba takardar nan da kyau, don a nan mutane ke kashe kuɗin mota su dawo da rabin amsa. PEA suna ne na dangi guda, ba awo ɗaya ba. Wanda na bayyana shi ne likitoci ke rubutawa da Faransanci PEA précoces, kuma in an ce PEA kawai yawanci shi ake nufi. Yana da iyaka biyu da suka shafe ku. Ƙarar nan ta ƙyas-ƙyas ta fi ba da labarin sauti masu tsini, na girgiza 2000 zuwa 4000 a sakan, ba ta faɗin kome sosai a kan masu kauri. Wanda zai saita na'urar ji kuwa yana bukatar sanin kowane mataki. Shi ya sa ake haɗawa da wani awo da ake kira ASSR, ko a yi amfani da gajerun amo masu mataki daban-daban, a auna girgiza 500, 1000, 2000 da 4000 a sakan. Iyaka ta biyu ita ce tambayarki ta ƙarshe: wannan awo ba a yin sa da na'ura a kunne don a ga aikinta. Ƙarar ta yi gajarta da yawa, na'urorin zamani kuma sukan jinkirta sauti kaɗan su sarrafa shi, sai awon ya rikice.

Wanda ke duba aikin na'ura shi ne PEA corticaux, awon saman ƙwaƙwalwa. Shi amsarsa takan makara, tana fitowa wajen kashi 50, 100 da 200 daga 1000 na sakan, ta kuma fi girma. Mutum yana zaune ido biyu, na'urarsa a kunne, ana sako masa sautin magana ta lasifika. Cibiyar binciken ji ta ƙasar Ostareliya ta ƙera wata na'ura mai suna HEARLab don wannan aiki, tana sako sautin m, g da t a ƙarfin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 55, 65 da 75, wato magana a hankali, magana ta yau da kullum, da magana da ɗan ƙarfi. Idan m ta ba da amsa t ba ta bayar ba, an san na'urar ba ta ɗaga sauti masu tsini yadda ya kamata, sai a ƙara. A nan barci ɓata awo yake yi, don haka akan ba mutum abin kallo marar sauti. Kuma ki riƙe wannan: idan amsa ta fito, hujja ce mai ƙarfi cewa sautin ya isa. Idan ba ta fito ba, ba hujja ba ce cewa bai ji ba, domin akwai masu ji lafiya da tasu amsar ba ta fitowa sarai.

Ki ɗauke shi kamar wasiƙar da aka aiko wa maigida. Awo na farko yana tabbatar da cewa ɗan aike ya iso zaure. Na biyu yana tabbatar da cewa wasiƙar ta shiga turaka. Ko maigida ya iya karanta ta, wannan babu wayar da za ta faɗa miki. Kuma a kan Baba wannan ne abin da ya fi damuna. Ɓarin dama ne ya shanye, ma'ana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ya sami rauni, kuma a wurin mafi yawan mutane can ne cibiyar harshe take. Mai irin wannan ciwo yana iya jin muryarki tsaf amma kalmomin su zo masa kamar baƙon yare. Idan haka ne, ko na'ura mafi tsada aka sa masa ba za ta warware wannan ɓangaren ba. Aikin mai koyar da magana ne, wanda a asibiti ake kira orthophoniste, da haƙurin mutanen gida. Yana yiwuwa ƙwarai Baba yana fama da duka biyun: kunnen da injin ya cinye a hankali, da harshen da ciwo ya taɓa a dare ɗaya. Amfanin awon a wurinku shi ne ya raba muku su, a san nawa ne na kunne.

Wannan ya kawo ni ga maganar abokiyar zaman Mama. Abin da ta gani gaskiya ne, fassarar ce ba daidai ba. Ƙarar injin niƙa, da duk wata ƙara da ta kai desibel 85 mutum yana wuni a cikinta, tana kashe ƙananan gasun da ke cikin katantanwar kunne, wato kunnen ciki, kuma ba sa sake tsirowa. Waɗanda ke fara mutuwa su ne masu kama sauti mai tsini, wajen girgiza 4000. Tsufa ma daga can yake farawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su harka. Mai irin wannan kunne zai ji an buga ƙofa, zai ji kiran salla, zai ji muryar namiji a ɗaki shiru. Amma s, sh, f, ts da c sun ɓace masa, sai "sata" da "fata" da "shata" su zama abu ɗaya. Muryar mata da ta yara ta fi yi masa wuya, balle a tsakar gida ana daka, rediyo na yi, jikoki na guje-guje. Wanda ke kallo daga gefe sai ya ce zaɓe yake yi. Kada ki yi jayayya da ita a kan wannan. Ki nemi ta gwada yi masa magana a ɗaki, tana fuskantarsa, haske na kan fuskarta, a hankali ba da ihu ba, ta ga bambanci da idonta.

Shawarata ita ce kada ku kama hanya tukuna, kada kuma ku yar da takardar. Akwai abin da ya kamata a gama a nan Garwa. Ki koma wurin likitan ki tambaye shi ko ya leƙa kunnen ya ga babu dattin da ya toshe, ko dodon kunne lafiya yake, ko an yi awon motsinsa, wanda shi ma ba ya bukatar mutum ya amsa kome. Sa'an nan ki roƙi a sake awon maɓalli, amma a sauya salo. Da safe, lokacin da Baba bai gaji ba. A yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci, duk wanda ya fi zama a bakinsa, ba da Faransanci ba. A nuna masa a aikace: ki zauna a fara yi miki yana kallo. A ajiye maɓallin, ya ɗaga hannun hagu ko ya gyaɗa kai, a kuma fara da ƙara mai ƙarfi da ba shakka zai ji. Masu shanyewar ɓarin jiki da yawa suna iya wannan awo idan aka bi su a sannu, kuma idan ya yiwu ya fi kowane awon da ake manna wayoyi faɗin gaskiya, don shi ne ke nuna abin da mutum da kansa ya san ya ji. Idan an yi haka sau biyu abin bai daidaita ba, to tafiya ta kama.

Na'urar da kuka saya kuma, ina da zato a kanta. Kin ce a kanti kuka saye ta, ba ki ce wani ya saita ta a kan awon Baba ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa haka ƙara sauti kawai suke yi, kowane iri, daidai wa daida. Kunnen da ya lalace ta wannan hanya yana da wata ɗabi'a mai ban haushi: ƙaramin sauti ba ya jin sa, babba kuma yana yi masa zafi fiye da yadda yake yi wa mai lafiya. Sai a ɗaga masa ƙarar kwano da kukan akuya har su sare masa kai, harafin s da yake nema kuma bai samu ba. Mutumin da ba ya iya cewa "tana damuna" me zai yi in ba ya cire ba? Ni a wurina turawar nan ƙarƙashin matashi magana ce, kuma ya kamata a saurare ta. Ki sa batir sabo, ki rufe na'urar a tafin hannu: idan ta yi fito tana aiki, idan shiru to batir ne ko datti ya toshe bakinta. Batiran nan da iska suke aiki, da an ɓare takardar bayansu sun fara ci ko ba a sa su ba, don haka kada a ɓare sai za a yi amfani, a kuma jira kamar minti ɗaya kafin a sa. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da gumi, da ƙurar hunturu, duk abokan gabarta ne: a goge ta da busasshen ƙyalle kullum dare, a buɗe murfin batir, a cire ta kafin alwala da wanka. Ki kuma duba ko robar tana ji masa ciwo a kunne.

Idan tafiya ta tabbata, waya ita ce kan gaba. Ku kira wurin kafin ku sayi tikiti, ku tambaya wane PEA suke yi, ko suna haɗawa da ASSR, ko suna yi wa manya, ko na'urarsu na aiki a wannan makon, nawa ne kuɗin, kuma yaushe sakamako ke fita. Tambayar da ta fi duka ita ce wa zai saita na'urar ji da wannan sakamako, kuma ko irin taku tana saituwa. Takardar awo da aka ninke aka sa a akwati ba ta ƙara wa kowa ji. Idan ba su da awon saman ƙwaƙwalwa, kada ki karaya, ba ko'ina ake samunsa ba ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. Ki tambayi mai saita na'ura ko yana da awon cikin kunne: wani siririn bututu ne ake zurawa kusa da dodon kunne, a sa na'urar a kai, a auna ainihin sautin da take zubawa. Shi ma Baba ba sai ya ce uffan ba, kuma a aikin saiti na yau da kullum shi aka fi dogara da shi.

Hanyar ba ƙarama ba ce ga mai ciwo irin nasa: mota zuwa Ngaundere, a hau dutsen da ke kan hanyar, sa'an nan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Likitan da ke duba hawan jininsa ne zai ce ya iya ko a jinkirta. Ku ɗauki magungunansa da duk takardun asibiti, har da hoton kai idan an yi masa lokacin da ya faɗi, da na'urar da batiranta. Ranar awo a wanke masa kai da fuska, kada a shafa mai, don wayoyin ba sa kama fata mai maiƙo. Ku faɗa wa mai awo idan an taɓa yi masa allurar gentamicin ko streptomycin, ko ya taɓa yin sanƙarau, domin duka suna taɓa ji, kuma mu nan arewacin Kamaru da Cadi cikin yankin sanƙarau muke. Ni da zan zaɓa, Yaya ne zai raka shi. Namiji zai fi iya ɗaga shi da kai shi bayi a jirgi, kuma in ya ga awon da idonsa maganar lantarki ta ƙare.

Kafin nan akwai gwajin da za ki iya yi a gida ba ko sisi. Masu koyar da kurame suna amfani da sauti shida da wani malami, Daniel Ling, ya tsara: mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss. Sun ratsa magana daga mai kauri zuwa mai tsini. Ki zauna gefensa kamar taku ɗaya, ki kare bakinki da faifai don kada ya karanta leɓe, ki furta ɗaya-ɗaya da muryar hira, ya ɗaga hannu in ya ji. Ki bar tazara marar tsari tsakaninsu don kada ya yi canke. Ki yi babu na'ura, ki yi da na'ura, ki rubuta abin da ya kama a kwanaki daban-daban. Wannan takarda za ta yi wa likita amfani fiye da yadda kike zato. Idan kuwa wata rana kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ko ya fara zubar da ruwa, ko jiri mai tsanani ya zo, ko fuska ta ƙara karkacewa, wannan ba na jiran Yawunde ba ne, asibiti za a nufa a ranar. Kada a ɗiga masa mai ko ruwan albasa, kada a sa tsinke.

Shi Baba kuma, a cikin wasiƙarki kowa ya faɗi ra'ayinsa ban da shi. Rashin magana bai cire masa girman maigida ba. Ki same shi shi kaɗai bayan ya huta, ki nuna masa takardar likita, ki nuna goshi da bayan kunne da yatsa, in yana karatu ki rubuta masa da manyan baƙaƙe, boko ko ajami, wanda ya fi sabawa da shi. Ki yi tambayar da amsarta i ko a'a ce, ɗaya bayan ɗaya, ki ba shi lokaci. Idan ya nuna ba ya so yau, ki bari sai wani makon ki sake tambaya, kina ci gaba da gwajin sautin nan shida da neman a sake masa awon maɓalli a nan gida.